Allon Zamiya: A Daina Auna Shi da Haɓar Mai Saye

Da zarar Disamba ta kama, kantunan kayan wasan ƙanƙara daga Kolorado har tsaunukan Alps sukan cika da masu neman allon zamiya. A nan ake ganin abin takaicin da aka saba: a jingina allo a jikin mai saye, in ya tsaya tsakanin haɓarsa da hancinsa, a ce ya yi daidai. Wanda wannan awo ya fi cutarwa shi ne ɗan tsaka-tsaki, wanda ya yi sallama da allon haya, ya iya juyawa ta gefen dunduniya da na yatsu, amma bai kai gwani ba.

Nauyin mutum ne ke lanƙwasa allo. Shi ya sa kamfanoni irin su Burton, wanda Jake Burton Carpenter ya kafa a Bamont a 1977, ke fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo. A ɗauki mutum biyu masu tsawo ɗaya, wannan kilo 60, wancan kilo 90. Awon haɓa zai ba su allo guda. Marar nauyin zai yi ta dannawa allon ya ƙi shiga kwana, cinyoyinsa su mutu kafin azahar. Mai nauyin kuwa, da gudu ya yi gudu sai allon ya kama karkarwa a ƙarƙashinsa, gefen ya saki ƙanƙara. Jadawalin nan yana gaban mai kanti; ƙin duba shi lalaci ne da son ciniki.

Sai faɗi. Wanda ke sa takalmi lamba 45 zuwa sama galibi yana buƙatar allon da ƙugunsa ya kai kusan santimita 26, in ba haka ba yatsunsa za su riƙa sharar ƙanƙara a kwana har su kayar da shi. Don haka takalmi ake fara saye. Wanda dunduniyarsa ke ɗagawa a cikin takalmi, ko allon zakaran duniya ba zai yi masa biyayya ba.

Ta fuskar siffa, allo mai doro a tsakiya, wanda ake kira kamba, yana riƙe daskararriyar ƙanƙara irin ta Bamont, amma ba ya yafe kuskure. Wanda bakinsa biyu suka ɗaga sama yana saurin juyawa, yana kuma yawo a kan dusar ƙanƙara mai zurfi irin ta Hokkaido. Wanda ya haɗa siffofin biyu ya fi dacewa da ɗan tsaka-tsaki. Taurin allo ana lissafa shi daga 1 zuwa 10, kuma 4 zuwa 6 ya wadatar, sai dai shida na wannan kamfani kan bambanta da na wancan.

Wasu na cewa a sayi mai tauri tun yanzu, gwaninta za ta tarar da shi. Wannan zancen mai son ya sayar ne. Allon da ya fi ƙarfin mai shi tsoro yake koya masa, kuma mai tsoro ba ya ci gaba. Wuraren zamiya da yawa suna ba da aron sabbin alluna don gwaji. A hau biyu ko uku a gangare ɗaya kafin a fitar da kuɗi.