IGIYAR AWO TA ISO BAKIN GONA

Ya ku 'yan'uwa na rassan jam'iyya a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa da sauran garuruwan kasuwa, a karanta wannan takarda da ƙarfi a taron reshe, don wanda bai yi lakwal ba shi ma ya ji, gama maganar tasa ce.

Ni malamin lakwal ne a Sabon Gari. Kwanan baya wani tsoho, kakan wani almajirina, ya kawo mini takarda daga wani ofis, ya ce: "Malam, duba mini wannan." Na duba. An rubuta da Faransanci cewa gonarsa ta faɗa cikin sabon zanen filaye, in yana da ja ya kawo a rubuce. Wa'adin kuwa ya wuce tuni. Takardar ta yi makonni a ƙarƙashin matashin kansa, yana tsammani ta haraji ce. Da na gaya masa, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce: "Kakana ya sari dajin nan."

To, jama'a, wa ya cuci wannan tsoho? An ba shi damar kai kuka, amma da harshen da ba ya ji, cikin kwanakin da bai san ana ƙirga masa ba. Wannan ita ce ƙofar da aka buɗe aka ɗaure kare a bakinta.

Abin ba yau ya soma ba. A shekarar 1932 'yan mulkin mallaka suka kafa dokar rajistar ƙasa, takarda ta fi shaidar dattawa. A 1935 suka ƙara da cewa ƙasar da ba mai ita, da wadda ta wuce shekara 10 ba a aiki a kanta, ta gwamnati ce. Manomi ya bar saura ta huta, kumandan ya ce ba ta da mai ita! A 1945 Gulbi ya cinye tsohon Maraɗi, aka hau da gari bisa tudu, aka ja hanyoyi miƙaƙƙu, aka yanka filaye murabba'i. Hawa tudu alheri ne, ba mu ƙi ba. Amma tun ran nan mutumin Maraɗi ya gane mai igiyar awo ya fi mai gado ƙarfi.

Doka ta sake, ku riƙe wannan. Tun 20 ga Mayu 1955 Faransa da kanta ta yarda da haƙƙin gargajiya bisa ƙasa. Bayan samun 'yancin kai, dokar Nijar mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓe wa mutum ƙasarsa sai don amfanin jama'a, sai an yi bincike an ji ta bakin mutane, sai an biya diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce haƙƙin da aka gada bisa al'ada da wanda ke rubuce kariyarsu ɗaya ce. Ta kuma kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda yanzu ake samu har a ƙauye, masu ba manomi takardar shaidar gonar gado. Doka dai tana nan. Amma mutum nawa cikin mahauta da 'yan koli da manoman bakin gari suka taɓa jin an karanta musu ita da Hausa?

Yanzu ku dubi yadda gari ke cin gona. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai 50,000 ba. A ta 2012 sun wuce 260,000. Ta yamma gulbi ya tare hanya, sai gari ya miƙa wajen gonakin Tsibiri da na Jiratawa. Tsibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa tana ƙarƙashin Madarunfa, birni kuma da nasa masu mulki. Manomin da aka kafa wa turke a gona ya je nan a ce can, ya je can a ce nan, har takalminsa ya ƙare, wa'adi ya cika.

Mu ba mu ƙi zane ba. Garin da ba zane, ruwa ke zana shi, kuma mutanen Maraɗi sun ga zanen ruwa. Muna son hanya, muna son magudana, muna son filin lakwal da na asibiti da maƙabarta. Abin da muka ƙi shi ne mudu biyu. Mai tebur ya matso da rumfarsa taku uku, da safe a shafa mata jan fenti. Mai hali ya so ya mai da gidan zama shago, ko ya ci bakin hanya da katanga, sai a ce akwai sassauci na musamman. In sassauci halal ne, a manna shi a bango kowa ya gani: wane ya roƙi kaza, an ba shi saboda kaza. Sassaucin da aka yi a ɗaki da dare, sunansa son kai.

Kada kuma ku ce rigimar ƙasa wasa ce. A 1991, a Toda, nan ƙasar Maraɗi, faɗan manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100. In an toshe wa mutane hanyar shari'a, Allah ya kiyaye mu da hanyar da za su bi. Ga shi kuma tun Afrilu 2024 an rushe majalisun gundumomi da jama'a suka zaɓa, aka naɗa masu riƙo. Kansilan unguwa da za a tare a bakin masallaci a tambaye shi, babu shi. Saura mu da junanmu.

Saboda haka ga aikin kowane reshe.

Na ɗaya, a zaɓi mutum biyu masu karatu, duk mako su je su duba allon sanarwa na ofishin gari, su dawo su faɗa wa jama'a da Hausa ranar kasuwa.

Na biyu, duk mai gonar gado ya nemi takardar shaida a Kofo tun ba a zo da igiya ba, da maƙwabtan gonarsa a matsayin shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, takarda ta zo, kada ta kwana ba a karanta ba. Mai ja ya rubuta, ya kai, ya sa a buga masa hatimi da kwanan wata, ya riƙe kwafi. Kukan baki iska ce ke kwashe shi.

Na huɗu, in rigima ta je gaban mai gari ko sarki don sulhu, a nemi a rubuta abin da aka yi, an shirya ko ba a shirya ba. Da wannan takarda ake zuwa gaban alƙali.

Na biyar, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa shi kaɗai. Masu gonakin da zane ɗaya ya shafa su tafi tare, su tambayi fili nawa za a yanka, nawa ne nasu, ina filin lakwal yake.

Malamai 'yan'uwana, wannan nauyi bisa wuyanmu yake. Da harajin waɗannan tsofaffi aka koya mana karatu. Wanda ya karanta wa maƙwabcinsa takarda a kan kari ya tsare masa abincin jikokinsa.

In kun gama karantawa, ku miƙa wa reshe na gaba.

GONAR TALAKA TANA DA MAI ITA!