Gida Bisa Taya, Kwana a Gonar Inabi

A Amurka akwai wata irin mota wadda gida ce sosai: ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, har da bayan gida. Suna ce da ita RV. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya soma ƙera tasa a 1966. Tsofaffin da suka yi ritaya da iyalai masu hutu sukan yi makonni a hanya cikinta. Amma komai kyan mota, in dare ya yi sai ta sami wurin tsayawa.

Wuri na fari shi ne sansanin matafiya. Wanda ya fi suna shi ne KOA, wanda Dave Drum ya kafa a Billings, jihar Montana, a 1962. Ka biya kuɗi, a nuna maka fili, ka jona wuta da ruwa, ka zubar da ƙazantar tanki. Da safe ba wanda ke binka bashi.

Na biyun ne ya fi sa mu tunani. A 2010 Don da Kim Greene suka kafa Harvest Hosts, bayan sun ga irin wannan shiri a Faransa. Mutum ya biya kuɗin shekara, sa'an nan ya iya kwana dare ɗaya a gonar da ake matse ruwan inabi mai sa maye, ba kuɗin fili. Yawanci ba wuta, ba famfo, sai abin da motarka ta ɗauko. Wurin shiru ne, ba ƙarar manyan motoci. Abu ɗaya muka yaba: wanda ya ɗanɗana ruwan inabin ba zai kama sitiyari a daren nan ba, gama gadonsa yana nan kusa.

Sai dai kyautar tana da igiya. Ana sa rai baƙo ya sayi wani abu a shagon mai gonar, da haka ne shi kuma yake samun nasa. To, iyalin da ba su sha fa? Ka kwana a filin mutum, ka sulale da asuba hannu rabbana, wannan rowa ce ko da ba wanda ya tsare ka. Ka sayi kwalba don kunya kawai, yara suna kallo daga tagar mota, wannan ma bai yi ba. Mu malamai mun san irin tambayar da za ta biyo baya, ba kuwa a ɓoye za su yi ta ba.

A ganinmu, tun a gida ake warware wannan. Shirin bai tsaya ga gonakin inabi kaɗai ba: akwai gonakin shanu masu sayar da cuku, da na 'ya'yan itace, da masu zuma, har da gidajen tarihi. Maigida da uwargida su zaɓi irin waɗannan kafin a ta da mota, su isa tun shago bai rufe ba. Bayan kwana biyu ko uku kuwa, ruwa ya ja baya, sai a nufi sansani a biya.