Wat 5,000 a Goshin Kwali, Wat 40 a Falo

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan wuta a Haɗejiya, ko ya yi tattaki har Sabon Gari a Kano don sayen kayan kallo, ya san kwalayen nan masu sheƙi da ake jibgewa har rufi, kowanne da lamba ɓaro-ɓaro a goshinsa: wat 3,000, wat 5,000, wani ma har 10,000. A ciki akwai ƙananan sifiku biyar, da wufa guda mai fitilu ja da shuɗi, da rimot. Mai shago zai jona, ya sa waƙa mai ganga, ya murɗa har gilashin kanta ya fara kaɗawa, sannan ya dubi mai saye ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna, sai unguwa ta san an kawo amarya." Nan take ciniki ya faɗa.

Yawanci kuɗin ango ne ke tafiya a nan, domin a gidaje da yawa iyayen amarya ke yin gado da kujeru, a bar wa miji kayan kallo. Kuɗi ne da aka haɗa da gumi, daga shinkafar rani ko riɗi ko cinikin kifi ko albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Wanda ya yi kuskuren saye yanzu zai daɗe yana zaune da kuskurensa.

Kusa da babbar lambar nan ta goshin kwali, in aka duba da kyau, akwai ƙananan haruffa huɗu: PMPO. Awo ne da babu ƙa'idar da ta ɗaure shi, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafawa. Awon da za a iya riƙewa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya fashe ba. Rigimar tsohuwa ce. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta wajabta wa masu tallar amfilifayar gida su faɗi ƙarfinta na ɗorewa, saboda kamfanoni sun mayar da zuƙi-ta-mallen wat abin gasa. Kayan da ke sauka a kasuwar Alaba ta Legas, su hauro Kano, su iso Haɗejiya, babu ruwansu da waccan doka.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar karatun injiniya. A juya na'urar, a karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta, inda aka faɗi abin da take ja daga soket. In aka ga wat 60 ko 80, magana ta ƙare, don abin da ya ci 80 ba zai fitar da 5,000 ba. Ƙaramin janareton Tiger da ake kunnawa a bakin shaguna bai kai wat 1,000 ba, amma yana ɗaukar kayan nan da talabijin da fanka a lokaci guda.

To, wat nawa falo ke bukata? Kaɗan ƙwarai. Sifika mai kyau tana zuwa da awon da ke nuna ƙarar da take yi in aka ba ta wat ɗaya tak, aka saurara daga nisan mita ɗaya. Mai desibel 88, alal misali, da wat ɗaya ta riga ta wuce ƙarar hira nesa ba kusa ba. Da wat 10 ta kai desibel 98, ƙarar da sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Daga nan kuma lissafin ya yi tsada: ƙarin desibel 3 kacal sai an ninka wat sau biyu. Ma'ana, sifika mai desibel 91 a kan amfilifaya mai wat 30 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 88 a kan wat 60. A ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, ko falon da ya ɗan fi haka, amfilifaya mai wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare ta isa har da saura.

Tambayar da masu saye suka fi tsallakewa ita ce me za a kalla. Tsarin sifiku biyar da wufa, wanda ake kira 5.1, an yi shi ne don finafinan da aka naɗe sautinsu a layuka shida daban-daban. Dolby Digital ya fara shiga sinima a 1992. A gidan Haɗejiya kuwa, abin da ake kunnawa shi ne Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina da Izzar So, finafinan Indiya fassarar Algaita, tafsirin azumi, labarai, da ƙwallon Firimiya. Mafi yawan waɗannan layi biyu ne, dama da hagu, musamman in daga YouTube suka fito ko daga filashin 'yan dawunlodin. Sifikun bayan nan ko dai su yi shiru, ko na'urar ta riƙa maimaita musu abin da na gaba ke faɗa. Shi ya sa a gidaje da yawa za a iske duk biyar ɗin an jera su a kan tebur ɗaya gaban talabijin, biyu ma ba a jona ba. An biya kuɗin shida, ana amfani da huɗu.

Kuma duk waɗannan shirye-shirye magana ce. Fim ɗin Kannywood ba fashewar bam da gudun jirgi ke riƙe da shi ba, zance ne tsakanin uwar miji da suruka, tsakanin malam da ɗalibi. Abin da ke bambanta baƙaƙe a kunne, a ji ka daban da ƙa, sa daban da tsa, yana can tsakiyar sauti zuwa sama, wajen haz 2,000 zuwa 4,000. Daidai nan kayan kwali suka fi rauni. Sifikunsu na roba ƙanana ne, ba sa iya ɗaukar kaurin muryar namiji, sai a tura wa wufa aikin. Wufa kuma ta mayar da komai gurnani. Dattijon gida ya ce a ƙara murya bai ji ba, a ƙara, gurnanin ya ƙaru, maganar na nan a dushe.

Don haka ra'ayin wannan shafi a fili yake. Mai ƙaramin ƙarfi ya zuba rabin kuɗinsa ko fiye a kan sifiku biyu na katako masu nauyi, kowacce da babban baki mai inci biyar ko shida da ƙaramin baki na siririn sauti. Ya sa kamar kashi ɗaya cikin uku a amfilifaya. Sauran na kariyar wuta ne da waya. In hali ya samu daga baya, a ƙara sifikar tsakiya wadda ke ɗauke da maganar 'yan wasa, sannan wufa. Na baya su ne na ƙarshe, kuma sai ga mai kallon Netflix ko faifan asali da ke da sautin 5.1 da gaske.

Wanda ke son barin ƙofar ƙarin nan a buɗe, sai ya nemi risibar sauti, wato amfilifayar da ke karɓar wayoyin dikoda da talabijin ta rarraba wa sifiku. Sababbin Yamaha da Denon da Sony sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, amma na hannu, 'yan Kwatano, suna nan a Kano, kuma tsohuwar risiba ta shekara goma sha ta fi sabon kayan kwali sauti. Sai dai a yi hattara da abu uku. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Amurka 120 suke ci, na Japan 100, kuma in aka soka su a soket kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya. A nemi mai rubutun 220 zuwa 240, ko a saya mata tiransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya fi abin da take ja. Na biyu, a gwada kowace kafar sifika ɗaya bayan ɗaya, a bar na'urar a kunne ta yi zafi kafin a biya. Na uku, ɓangaren HDMI kan riga sauran mutuwa a tsofaffin risibobi, kuma gyaransa wuya gare shi. Wannan ba ya hana saye in an rage kuɗi: a kai hoto talabijin kai tsaye, a ɗauko sauti da wayar oftikal, in talabijin ɗin na da kafarta.

Sai maganar wuta, wadda a Haɗejiya ita ce uwar magana. KEDCO ce ke raba wuta a Jigawa da Kano da Katsina, kuma kowa ya san yadda ake kawo ta: wani lokaci da rauni har fanka na jan ƙafa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. Dawowar nan ce ke kashe kaya. Sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci ta fi kowace sifika ta shida amfani. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun jingine janareto sun koma sola, kuma wannan ya sauya lissafi. Tsohuwar risiba mai nauyin tiransifoma tana shan wuta ko da ba a ɗaga murya ba, kusan rabin abin da ta ja zafi yake zama. Ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira aji D suna miƙa wa sifiku kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ja, wasu ma daga batir mai bolt 12 ko 24 suke aiki kai tsaye. Ga gidan da batir ɗaya ke riƙe da fitila da fanka da talabijin har dare ya raba, wannan shi ne zaɓi. Inbata mai arha kuma, wadda wutarta ba santsi gare ta ba, takan sa tiransifoma kuka, sifika ta riƙa zuu ko ba a kunna komai ba.

Zafin watan Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40. Duk da haka sai a tura amfilifaya cikin durowar gilashi a rufe, ko uwargida ta shimfiɗa mata leshi don kwalliya, a ɗora dikoda a kai, a toshe ramukan da take numfashi. A ba ta sarari kamar tafin hannu ta sama da gefe. Rufi da ƙyalle na lokacin da take kashe ne, musamman da hunturu in ƙura ta taso.

Akwai kuma abin da mai shago a Kano ba zai tuna ba. Haɗejiya a bakin kogi take, ruwan da ya taso daga Tiga da Challawa ta nan yake bi kafin ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci garuruwa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, mutanen Haɗejiya suka kwana cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Akwatin sifika yawanci da matsattsen garin katako ake yin sa, kuma in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ba sai ambaliya ba, danshin daɓe a watan Agusta ma ya isa. Wannan wani dalili ne na fifita sifiku matsakaita da za a ɗora a kan kanta ko a kafe a bango daidai kunnen mai zaune, a kan dogayen nan da wufar da ke zaune a ƙasa.

Gyara ma abin dubawa ne. Sifika ta katako in kwayil ɗinta ya ƙone, mai gyaran rediyo a cikin gari zai naɗa wani ko ya sauya baki. Kayan kwali kuwa amfilifayarsu a cikin wufa take. Ranar da allonta ya ƙone, duk saitin ya zama kayan ado, don sifikunsa kan zo da om 3 ko 4 da soket na daban da ba ya shiga wata na'ura. Om ɗin nan, wato awon juriyar sifika ga wuta, a kula da shi. In amfilifaya ta ce 6 zuwa 8, kada a ba ta 4. Masu ƙara sifiku ranar suna ko kamu su sani cewa biyu masu om 8 a kafa ɗaya sun koma 4, biyu masu om 4 sun koma 2, kuma a nan na'ura ke mutuwa. Waya ba ta bukatar tsada. Wayar wuta ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 ta wadatar, muddin ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a ɓangarorin biyu. In aka juya ɗaya, kaurin sauti zai ɓace, a ɗora wa kaya laifi.

Falon tayil da bangon siminti yana amsa kuwwa. Kafet da labule mai kauri suna gyara murya fiye da yadda ake zato. Wufa kuma ba ta san katanga ba: da bazara, lokacin da rabin unguwa ke kwana a tsakar gida, dum-dum ɗinta na isa kunnen maƙwabci da jaririnsa da mai shirin tashi sallar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma yara da ke zama dab da sifika sun fi kowa shiga haɗari.

Ranar saye, mutum ya tafi da filashinsa. Ya sa karatun Alƙur'ani na makarancin da ya saba ji, da labaran rediyo, da wani yanki na fim inda mutum biyu ke magana a hankali, da waƙar Shata inda kalangu ke amsa murya. Ya roƙi mai shago ya kashe wufa, ya mayar da maɓallan kauri da siriri tsakiya, ya rage ƙara zuwa yadda za a saurara a gida bayan isha'i. In kalmomi sun fito tar, kalangu bai shige cikin murya ba, kayan sun ci jarrabawa. In mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai da wufa ake jin daɗinsa," to ya faɗi gaskiyar kayansa. Wanda ya saya a Kano kuma kada ya baro shagon sai da rasit mai ɗauke da lambar na'ura da kwanakin da aka amince zai iya dawo da ita, domin tsakanin Sabon Gari da Haɗejiya tafiyar sa'o'i ce, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa na iya kai kuɗin gyaran.