Mu Tambayi Tsiron Wake Labarin Ruwanmu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu masu girma, kusan kowannenmu ya taɓa shuka wake a cikin gwangwanin madara don darasin kimiyya. Muna zana hoton tsiron a littafi, malam ya ba da maki, a watsar da gwangwanin a bayan aji. A ganinmu, ga makarantar da ke makwabtaka da Sharaɗa, Challawa da Bompai, wannan asara ce, domin tsiron nan zai iya gaya mana halin da ruwan unguwanninmu yake ciki.

Mu fara da ƙwayar kanta. Idan ka jiƙa wake ko gyaɗa ka sale ɓawon, za ka ga ta rabu ɓari biyu. Waɗannan ɓarin su ne malaman bayoloji ke kira kotilidon, wato ganyen farko da ke cikin iri. A cikinsu uwar shuka ta ajiye wa jaririnta guzuri. Wake idan ya tsiro yakan ɗago su sama da ƙasa, ya yi ta shan abincin da ke ciki har ganyensa na gaskiya ya buɗe, sannan su yanƙwane su faɗi. Masara, gero da dawa kuwa ɗaya kawai suke da shi, kuma a ƙarƙashin ƙasa yake zama yana tsotso garin ƙwayar yana miƙa wa tsiro. Tun a ƙarni na 17 wani masani ɗan Ingila, John Ray, ya yi amfani da wannan bambanci wajen raba tsirrai masu fure gida biyu.

A waɗannan kwanakin farko tsiro ba shi da ƙarfin jure wahala. Abu na farko da iri ke yi shi ne shan ruwa ya kumbura. Ruwan ne ke tayar da sinadaran da ke narkar da guzurin, saiwa ta fara fitowa kafin kai. Idan gishiri ya yi yawa a ruwan, iri ba ya iya sha yadda ya kamata. Idan kuma akwai guba irin ta ƙarfe, saiwa ce ke fara jin jiki, ta gajarce, ta kasa yin rassa. Shi ya sa masu bincike a ƙasashe da yawa ke gwada gurɓatar ruwa da irin latas: su jiƙa shi kwana biyar, su ƙirga waɗanda suka tsiro, su auna tsawon saiwa.

To, ina ruwanmu da wannan? Kano gari ne na fata tun kaka da kakanni. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma masana'antun zamani suna amfani da gishiri mai yawa, da farar ƙasa, da sinadarin kuromiyom. Ga kuma masu rini da sauran kamfanoni. Ruwan da ya fito daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya nufi madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Challawa su ƙare a kogin Challawa. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke noman rani, su kawo latas, alayyafo, kabeji da karas kasuwannin da iyayenmu ke cefane. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna nazarin wannan ruwa, amma sakamakon yana cikin mujallun Turanci da ba sa isowa ajinmu, balle hannun mai lambu.

Saboda haka muke kira ga malaman kimiyya da na aikin gona su mayar da darasin gwangwani bincike na gaske. Ba ya buƙatar kuɗi. A samu faranti uku, a shimfiɗa auduga, a sa wake ashirin a kowanne. Na farko a ba shi ruwan famfo, na biyu ruwan rijiyar unguwa, na uku ruwan rafi. A ajiye su wuri ɗaya, a zuba musu ruwa daidai wa daida. A ƙirga waɗanda suka tsiro a rana ta 3 da ta 5 da ta 7, a auna saiwa da rula, a lura da ranar da ɓarin suka yanƙwane. A maimaita sau uku, a kuma gwada da masara. Malami ne zai ɗebo ruwan rafin da safar hannu, kada a tura ɗalibi. Mu kuma mun ɗauki alkawarin liƙa sakamakon a wannan allo, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Wasu za su ce a masana'antun nan iyayenmu da yayyenmu ke samun abin biyan kuɗin makaranta, mai lambu kuma ba shi da wani ruwan da rani. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe ko ɗaya ba. Doka ce ta ce a tace ruwan masana'anta kafin a sake shi, kuma tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da hakan. Wanda ya je wurinta da alƙaluma a hannu ya fi wanda ya je da ƙorafin wari kawai.

Sai dai mu yi hattara da abu ɗaya. Idan waken ya tsiro lafiya, wannan bai nuna ruwan ba shi da illa ba. Ruwan ƙazanta yakan ƙunshi taki, shuka ta yi kore shar, alhali ƙarfe mai guba yana taruwa a jikinta. Gano wannan sai ɗakin gwaji na jami'a. Namu aikin shi ne mu yi matakin farko da gaskiya, mu rubuta abin da muka gani, mu miƙa wa waɗanda suka fi mu kayan aiki.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk ajin da ya shirya, ya kawo sunansa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Wake da audugar muna da su.