Wasiƙa ga Iyayen Riƙon Ƴan Makaranta na Tasawa da Mayahi

Iyayena maza da mata, masu karɓar ƴaƴan ƙauye a gidajenku domin su yi karatun kolej da lise.

Duk watan Oktoba, lokacin da damman hatsi ke shiga rumbu, yaran da suka gama aji shida na firamare a ƙauyukan Sarkin Hausa, Kanan Bakashe, Urafan da Maijirgi suna ɗaukar tabarma su nufi garin da ke da kolej. Shekara huɗu ke gabansu kafin jarrabawar BEPC. Malami yana da awoyinsa na aji. Sauran yini da dare duka a hannunku suke. Shi ya sa yaron da ya bar makaranta a tsakiyar shekara sau da yawa ba darasi ne ya fi ƙarfinsa ba, zaman gidan riƙo ne ya gagare shi.

Abu na farko, ku zauna da mahaifinsa tun kafin a buɗe makaranta, a yi magana ƙarara: tiya nawa ta hatsi zai kawo, wa zai sayi sabulu da littafin rubutu, wa zai biya magani in zazzaɓi ya kama shi. Kunyar da ta hana wannan zama ita ce ke haifar da gori a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, jarrabawa kuma ta ƙarato.

Na biyu shi ne lokacinsa, kuma nan ne amanar take. Ba laifi ba ne ya ɗebo ruwa ko ta yi shara, ɗan gida ma yana yi. Ma'aunin shi ne: aikin da ba za ku sa ɗan cikinku ba, a sa'ar da ba za ku sa shi ba, kada ku ɗora wa ɗan riƙo. Yarinyar da ta yi daka da asuba, ta ɗauki tallar fura da rana, ta yi wanke-wanke bayan isha'i, yaushe za ta buɗe littafi? Ku ba ta fitila, ku ba ta wurin zama, ku ƙyale ta tsakanin magariba da barci. Ku ci tare, kwano ɗaya da ƴaƴanku. Yaro yana gane matsayinsa a gida tun daga inda aka ajiye masa tuwo.

Ƴan mata suna buƙatar kulawa ta musamman. Yarinya ta kwana ɗakin uwar gida ko na ƴan uwanta mata, a san inda take in rana ta faɗi, a kuma saurare ta in ta kawo ƙarar wani, ko da na cikin gida ne. A 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke makaranta, daga baya aka fara gina gidajen kwana na ƴan mata irin na Kelle a jihar Damagaram. Amma gidajen nan ba su wadatar ba. Har yanzu ƙofarku ce mafakar mafi yawansu.

Ko a Amurka, iyalan da suka karɓi yaran shirin musayar ɗalibai na YES, wanda aka fara a 2003 kuma ƴan Nijeriya suka shiga, ba a biya su albashi ba. Abin da aka nema gare su shi ne gadon kwana, abinci sau uku da wurin karatu. Ku ƙara da abin da muka gada: ɗa na kowa ne. Ku leƙa makaranta ku gaisa da darakta, ku nemi takardar sakamako ku sa a karanta muku, ku kira iyayensa ya ji muryar uwarsa.

In kun san ba za ku iya ba bana, ku faɗa tun da wuri a nema masa wani gida. Wannan ya fi karɓar yaro a bar shi da yunwa. Wanda kuma ya karɓa, Allah ya ba shi ikon cika amana, ya saka masa a kan nasa ƴaƴan.