Kafin A Yanke Wa Katin Hoto Hukunci

A makon nan zan taɓo wata matsala da ke cin aljihun matasanmu, musamman ɗalibai da masu gidajen wasan kwamfuta: ana tsakiyar wasa sai allo ya yi baƙi, ko hoto ya daskare, ko kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Da an kai wa mai gyara, sau da yawa amsar ɗaya ce, wai katin hoto ya tashi aiki, a sayi wani. Alhali a kwamfutar wasa katin nan ne yawanci ya fi komai tsada, kuma farashinsa dala yake bi. A ganina, bai kamata a yanke masa hukunci ba sai an saurari shaidu uku.

Na farko shi ne zafi. A Kano ko Sakkwato zafin bazara kan haura digiri 40, kuma iskar ɗakin ce fankar katin take zuƙa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen da ke sanyaya shi. Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO da MSI Afterburner suna nuna zafin katin ana cikin wasa. In ya doshi digiri 90, to ga inda gizo ke saƙa. A kashe kwamfutar, a zare ta daga soket, a hure ƙurar tare da riƙe fankar kada ta juya. Katin da ya shekara da yawa kuma, a sauya masa man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyayawa, domin yakan bushe.

Na biyu wuta. Idan kwamfutar na mutuwa ɗungurungum daidai lokacin da wasa ya yi nauyi, akwatin da ke raba mata wuta ya kamata a fara tuhuma. Katin RTX 3060 kaɗai yana jan wat 170, kuma kamfanin Nvidia ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Akwatunan araha kuwa ba kasafai suke ba da abin da aka rubuta a jikinsu ba. Sai a haɗa da wutarmu mai hawa da sauka da ta janareta. Sitabilaiza ko UPS ba su kai kuɗin sabon kati ba.

Na uku manhaja. Idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows takan sake tayar da direbansa, sai allo ya ƙifta, wasan ya rufe. A nan sai a goge tsohon direban tas da manhajar DDU, a sauko da sabo daga shafin Nvidia ko AMD. Wanda ya ƙara wa katinsa gudu, ya mayar da shi yadda ya zo.

A riƙa gwada abu ɗaya bayan ɗaya, don a san wanne ya yi magani. In duk sun wanke kansu, a gwada katin a wata kwamfutar. Idan layuka da ɗigo-ɗigo masu launi suna fitowa tun kafin Windows ta buɗe, to lallai ciwon a jikinsa yake.

Jan kunnena na ƙarshe ga masu sayen na hannu ne. Tun Satumban 2022 da Ethereum ta daina dogaro da haƙa, katunan da suka yi aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Kada ka miƙa kuɗinka sai an kunna wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa a gabanka, kana kallon zafinsa. Mai sayarwar da ya ƙi, ka kama gabanka.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.