Daga Saman Soro: Farautar Raƙumin Dawa a Sararin Kano

A makon nan farauta muka tafi, amma ba daji muka nufa ba. Saman soro muka hau a cikin Badala, ga Dutsen Dala muna hange, da aron tabarau mai hangen nesa na ido biyu da wani ɗan ƙaramin teleskof.

Abin farautar shi ne Raƙumin Dawa. Masana sun kasa sararin sama gida 88, kowane rukunin taurari da sunansa. Wannan rukuni, da suke kira Camelopardalis, Petrus Plancius na ƙasar Holan ne ya zana shi wajen 1612. Dabbar da ya ci sunanta kuwa ta kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, sai 'yan ragowar da ke wajen Kure a Nijar. Na saman ma haka yake da wuyar gani, domin babu tauraro mai haske sosai ko ɗaya a cikinsa.

Daren farko mun sha kashi. Hazon hunturu ya rufe arewa, fitilun maƙwabta na dallare mu, ga kowa riƙe da waya. Muka sauko ba mu ga komai ba, har wani cikinmu ya ce wannan harka ta masu kuɗi ce. Ashe laifin namu ne. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya saba, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da mutum baya.

Sai muka jira ƙarshen watan Musulunci, lokacin da babu farin wata, a daren da hazo ya lafa. Muka kashe wayoyi, Allah kuma ya sa aka ɗauke wuta.

Ga yadda za ku bi. A Disamba ko Janairu, bayan Isha'i, ku fuskanci arewa. Ku nemi taurari biyar masu siffar harafin W ko M, wato Cassiopeia. Ku ja layi daga tauraron da ke bakin harafin ta yamma zuwa na bakin gabas, ku zarce da kwatankwacin wannan tsawon. Da tabarau za ku ga taurari kamar 20 a jere, tamkar ruwa na gangarowa daga indararo. Wani limamin Kirista ɗan Kanada, Lucian Kemble, shi ya ba da labarinsu a 1980, aka sa musu sunansa. Kun san da me ya gan su? Da ɗan tabarau irin wanda muka ara. A ƙarshen jerin akwai curin taurari mai lamba NGC 1502.

Babban naman shi ne NGC 2403, wani galaksi mai ɗauke da biliyoyin taurari, wanda William Herschel ya gano a 1788. A teleskof ɗinmu bai wuce ɗan dishi-dishi kamar hayaƙi ba, kuma da mun kafa masa ido sai ya ɓace. Dabarar ita ce a kalli gefensa kaɗan, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa kama raunannen haske. Da muka gwada, sai ga shi. Hasken nan ya shafe wajen shekara miliyan 10 yana tafe kafin ya faɗo idonmu a saman soron ƙasa. Muka yi tsit, sai wani ya ce, "Allah mai iko."

Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki, da su suke gane damina da asuba. Mu kuwa fitilu da waya suna neman raba mu da sama, har mun ɗauka ilimin taurari sai a Amurka. Abin da ya fi ba mu wuya a daren nan shi ne zama a duhu na rabin awa, kuma wannan ba a sayensa a Kasuwar Kurmi.

Ku nemi izinin iyaye, ku hau da babba, ku nisanci bakin soro. Ku ɗauki littafi ku zana abin da kuka gani, da rana da lokaci. Wanda ya dace da jerin Kemble ya aiko mana da zanensa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.